Tambaya da Amsa: Saka Imel a Manhajar Kwamfuta, da Wuraren da Ake Yawan Tuntuɓe

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan wata a kan abu guda suke: masu karatu daga unguwannin Kaduna da ke son su riƙa buɗe imel ɗinsu a manhajar kwamfuta irin su Outlook da Thunderbird. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda wuri.

Assalamu alaikum. Ni sakatariya ce a wata makarantar kuɗi a Unguwar Rimi. Adireshin makarantarmu na Gmail ne, kullum ta Chrome nake buɗe shi. Shugaban makaranta ya ce in saka shi a manhajar kwamfutar ofis don mu riƙa ganin saƙonni ko babu intanet. Wacce manhaja zan ɗauka, kuma ta ina zan fara?

Wa alaikumus salam, Malama. Idan kwamfutar na da Office mai lasisi kuma ba tsohon yayi ba, Outlook na ciki ya wadatar. Idan babu, ko kuwa irin wanda aka zuba a shagon gyara ne ba a san asalinsa ba, ki sauke Thunderbird daga shafinsa na thunderbird.net. Kyauta ne, kuma ga aikin ofishin makaranta mu shi muka fi so. Manhajar Mail da ke zuwa da Windows 10 kada ki ɓata lokaci a kanta, Microsoft ta daina kula da ita tun 31 ga Disamba 2024. Sabon Outlook da ya maye gurbinta yana aiki, sai dai yana bi da saƙonnin Gmail ta sabar Microsoft (saba ita ce babbar kwamfutar kamfani da ke ajiye saƙonni a intanet) kafin su iso gare ki, kuma ba kowace hukuma ce za ta so hakan ba.

A Thunderbird, buɗewar farko zai nemi suna, adireshin imel da kalmar sirri. Sunan da kika rubuta shi masu karɓar saƙo za su gani, don haka ki sa sunan makarantar, ba naki ba. Ki danna "Continue", zai nemo bayanan sabar Google da kansa, sannan ya ajiye miki zaɓi biyu: IMAP da POP3. To a nan gizo ke saƙa, domin wannan zaɓin ne ke yanke inda wasiƙunku za su zauna, kuma yawancin koken da za ki karanta a ƙasa daga nan ya samo asali.

POP3 kamar ɗan aike ne da ya je akwatin gidan waya ya kwaso wasiƙu ya kawo ofis: sun dawo hannunki, akwatin kuwa ana iya barin sa wayam. Abin da kika aika daga wannan kwamfutar a cikinta kaɗai yake zama a yawancin masu ba da imel, folda ɗin da kika ƙirƙira ma haka. IMAP kuwa yana barin asalin saƙonnin a saba, kwamfutar ta riƙe kwafi. Kika karanta a kwamfuta, wayar shugaban makaranta za ta nuna an karanta. Kika goge a nan, ya gogu a can. Tunda mutum fiye da ɗaya ke duba akwatin nan, IMAP za ki ɗauka. Kuma yana biyan buƙatar da shugaban ya faɗa, domin saƙonnin da suka riga suka sauka ana karanta su ko data ta ƙare.

Da kin danna "Done", wata taga ta Google za ta buɗe ta sake neman adireshi da kalmar sirri, ta tambaya ko kin yarda Thunderbird ya shiga akwatin. Ki yarda. Idan tagar ta fito fara fat ko ta yi ta juyawa, ki shiga "Settings", sashen "Privacy & Security", ki tabbatar akwai alama a kan "Accept cookies from sites". A Outlook kuwa hanyar ita ce "File", sai "Add Account", ki rubuta adireshin, ki danna "Connect", tagar Google ɗin ta fito haka nan.

In har ta kai ga sai kin cika da hannu, ga abin da ake rubutawa: sabar shigowa imap.gmail.com, lambar ƙofa 993, tsaro SSL/TLS. Sabar fita smtp.gmail.com, ƙofa 465 da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS. Sunan mai shiga cikakken adireshi ne har da @gmail.com, hanyar tantancewa kuma OAuth2, wato shiga ta tagar Google ɗin nan. Tsofaffin bayanai kan ce a fara shiga Gmail a kunna IMAP. Daga Janairun 2025 a kunne yake koyaushe, ba sai an taɓa komai ba. Kafin ki ce aiki ya kammala, ki aika wa kanki saƙo, ki ga ya fita, ya shigo, kuma ya bayyana a waya.

Ina da shagon buga takardu da kwafi a Kawo. Outlook 2010 ne a kwamfutata. Na sa kalmar sirrin Gmail ɗina daidai, wallahi ita nake shiga da ita a waya, amma akwatin tambaya sai ya yi ta dawowa. Yahoo ɗina ma haka. Ko an yi mini kutse ne?

Ba kutse ba ne, Malam, kuma kalmar sirrinka lafiyarta ƙalau. Tun 30 ga Mayu 2022 Google ya daina karɓar kalmar sirri zalla daga manhajojin waje a kan asusun Gmail na ɗaiɗaikun mutane. Abin da yake so shi ne manhajar ta buɗe tagarsa, ka shiga a can, ya ba ta izini. Outlook 2010 da 2013 ba su san wannan hanyar ba, haka ma wasu kwafin 2016. Shi ya sa suke ta miƙa kalmar, ana ta mayar musu da ita. Wani lokaci za ka ga lambar kuskure 0x800CCC92, wadda ke nufin saba ta ƙi karɓar shigarka.

Mafita biyu ce. Mai sauƙin ita ce ka koma Thunderbird ko Outlook na zamani. Idan kuwa dole sai tsohon, akwai kalmar sirri ta musamman da Google ke bayarwa don manhaja guda. Ka shiga myaccount.google.com ta burauza, sashen "Security", ka kunna "2-Step Verification", domin sai da shi ake samun ta. Sannan ka buɗe myaccount.google.com/apppasswords, ka ba ta suna, a ce "kwamfutar shago". Za a nuno maka haruffa 16 a rukuni huɗu. Su za ka saka a Outlook a gurbin kalmar sirri, a ɓangaren shigowa da na fita duka. Sau ɗaya ake nuna su, kuma duk ranar da ka canja babbar kalmar sirrinka sun mutu, sai ka nemi sababbi. Yahoo ma tsarinsa ke nan: "Account security", sai "Generate app password". Sabobinsa imap.mail.yahoo.com a 993 da smtp.mail.yahoo.com a 465. Masu adireshin Hotmail da Outlook.com kuwa an rufe musu tsohuwar hanyar tun 16 ga Satumba 2024, su kam sai manhajar da ta iya OAuth2.

Tunda za ka kunna tantancewa mai mataki biyu, ka sauke lambobin ko-ta-kwana guda 10 da Google ke bayarwa, ka buga su a takarda ka adana a gida. Wayar da aka ƙwace ko layin da aka rufe na iya raba mutum da akwatinsa gaba ɗaya. Sai kuma maganar shagon kansa: idan kwamfutar nan ita ce kwastomomi ke zama a kai suna buga takardunsu, to manhajar imel ba ta tambayar kowa komai, duk wanda ya buɗe ta ya ga wasiƙunka har da na banki. Ka buɗe wa kwastomomi asusun Windows na daban, naka ka sa masa kalmar sirri.

Kamfaninmu na kwangila yana Barnawa, muna da adireshi mai sunan kamfani da ya ƙare da .com.ng. Saƙo yana shigowa Outlook lafiya, amma wanda na rubuta sai ya maƙale a "Outbox". Jefi-jefi in ya fita, sai a ce an same shi a cikin tarkacen saƙonni.

Ranka ya daɗe, matsaloli biyu ne ka haɗa, kuma ba dangin juna ba ne.

Shigowa da fita hanyoyi ne mabambanta, kowacce da sabarta da ƙofarta, shi ya sa ɗaya ke iya aiki ɗaya ta tsaya. Ka shiga "File", "Account Settings", ka buɗe asusun, ka nemi "More Settings", shafin "Outgoing Server". Akwai wani ɗan akwati mai rubutun "My outgoing server (SMTP) requires authentication". A tsofaffin Outlook babu alama a kansa sai an sa da hannu, kuma shi ne sanadin yawancin irin wannan maƙalewa. Ka sa alamar, ka zaɓi a yi amfani da bayanan shiga iri ɗaya da na shigowa. Idan ba a sa ba, saba na ɗaukar ka baƙo ne mai son bi ta kanta ya watsa saƙo, sai ta mayar da amsa mai lamba 550 da maganar "relay". Lamba 535 kuwa sunan shiga ne ko kalmar sirri ba daidai ba, kuma sau da yawa don an rubuta "info" kawai maimakon info@sunankamfani.com.ng cikakke.

Daga nan ka leƙa shafin "Advanced". Idan ka ga 25 a ƙofar fita, ka canja ta. Kamfanonin intanet da yawa suna toshe 25 don daƙile masu watsa saƙonnin damfara, shi ya sa za ka ga imel na fita a ofis amma ya ƙi fita ta hotsifot ɗin waya. Ka sa 465 da SSL/TLS, ko 587 da STARTTLS. Kada a gauraya su: 465 da STARTTLS, ko 587 da SSL/TLS, zai yi ta jira har ya ba da kuskure irin 0x800CCC0E.

Sunan sabar kuma kada a yi cinke. Yawancin masu ɗaukar nauyin shafuka suna amfani da cPanel, wato wurin da ake sarrafa shafin kamfani da adiresoshin imel ɗinsa. A ciki ka buɗe "Email Accounts", ka danna "Connect Devices" a gaban adireshin, za ka ga ainihin sunan saba da ƙofofin da suka buɗe. Galibi mail.sunankamfani.com.ng ne, amma wasu nasu sunan suke bayarwa, kuma idan sunan da ka rubuta bai zo ɗaya da na takardar shaidar tsaron sabar ba, Outlook zai riƙa gargaɗi duk buɗewa.

Faɗawa cikin tarkace kuwa ba daga kwamfutarka yake ba, duk saitin da za ka taɓa a Outlook ba zai gyara shi ba. Daga Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo sun tsaurara: saƙon da ba ya ɗauke da shaidar SPF ko DKIM ana iya jefa shi tarkace ko a ƙi shi gaba ɗaya. Waɗannan layuka ne da ake sakawa a bayanan DNS, wato rajistar intanet ta sunan kamfaninku, ɗaya na faɗin sabobin da aka yarje wa aika saƙo da sunanku, ɗaya na sa hatimi a kan kowane saƙo. Ka ce wa wanda ya haɗa muku shafin ya buɗe "Email Deliverability" a cPanel, zai ga abin da ya ɓace, ya ƙara da DMARC, layi na uku mai faɗin abin da za a yi da saƙon da ya rasa waɗannan shaidu. Aikin mintoci ne ga wanda ya san shi, kada a caje ku kuɗin sabon shafi.

Ni ce ma'ajin wata ƙungiyar mata a Tudun Wada. Ɗana ya saka mini imel ɗin ƙungiya a kwamfuta. Bayan kamar sati biyu sai tsofaffin saƙonni suka ɓace daga wayata da ta shugabarmu, amma suna nan a kwamfutar. Hankalina ya tashi.

Ki kwantar da hankalinki, Hajiya, ba su salwanta ba. Wannan sati biyun da kika ambata shi ya tona asirin: da POP3 aka saka asusun, kuma Outlook da Thunderbird duka suna zuwa da umarnin goge saƙo daga saba bayan kwana 14 da saukowarsa. Wayoyinku sabar suke kallo, don haka da aka share can sai suka ga wayam. Yanzu kwamfutar nan ita kaɗai ke riƙe da waɗannan saƙonni, kada a goge asusun daga cikinta, kada kuma a kai ta gyara tukuna.

Abu na farko a tsayar da gogewar. A Outlook yana shafin "Advanced": a bar alama a "Leave a copy of messages on the server", a cire ta daga "Remove from server after 14 days". A Thunderbird yana "Server Settings", a cire alamar "For at most 14 days". Na biyu, a kwafi fayil ɗin saƙonnin a filas, yadda za mu bayyana a amsa ta ƙarshe a ƙasa. Na uku, a sake saka asusun da IMAP, sannan a kwafi tsofaffin saƙonnin zuwa akwatin IMAP ɗin, za su hau saba su dawo wayoyi. A Outlook ya fi tsafta a buɗe sabon furofayil ta "Control Panel", sashen "Mail", a saka IMAP a ciki, a buɗo tsohon fayil ta "Open Outlook Data File". A riƙa kwafa kaɗan-kaɗan, ɗari biyu ko uku a lokaci guda, domin intanet na yankewa a tsakiyar babban kwafi sai a rasa inda aka tsaya. A kuma fara duba girman wurin da aka ba akwatin. Idan ya cika, sababbin saƙonni za su riƙa komawa ga masu aiko su.

Ɗalibi ne ni, a Rigasa nake. Na saka Gmail a Thunderbird ta hotsifot, kafin gari ya waye datar wata guda ta ƙare.

Ɗan'uwa, manhajar ta yi ƙoƙarin sauko da duk abin da ka tara ne tun ranar da ka buɗe adireshin, kuma Gmail na ba da wuri har gigabait 15. Ka shiga "Account Settings", sashen "Synchronization & Storage", ka zaɓi a sauko da na kwana 30 na baya-bayan nan kawai, ka kuma sa iyakar girman saƙon da zai sauka da kansa; manyan sai ka danna su za su buɗe. A Outlook ma'auni ne da ake ja, "Mail to keep offline", ka mayar da shi wata 1 ko 3. Akwai kuma folda mai suna "All Mail" wadda ke ɗauke da kowane saƙo a karo na biyu. A saitin Gmail, shafin "Labels", ka cire mata alamar "Show in IMAP". Sannan ka shiga saitin Wi-Fi na Windows ka sa hotsifot ɗin a matsayin "Metered connection", domin ba mamaki sabunta Windows ma ya ci rabonsa a daren.

Kullum da safe sai manhajar ta ce takardar shaidar tsaro ba ta da inganci. Kwamfutar tebur ce 'yar gwanjo. Daga Kakuri.

Malam, dubi agogon da ke kusurwar allo. In ya koma wata shekara ta can baya, ɗan batirin da ke kan allon uwa, wato babban allon cikin kwamfutar, ne ya mutu, mai faɗin kwabo, lambarsa CR2032. Duk lokacin da aka ɗauke wuta sai kwanan wata ya ɓace, takardar shaidar kuwa tana da ranar farawa da ta ƙarewa, sai kwamfutar ta ga kamar lokacinta bai yi ba. Masu gyaran agogo ma suna sayar da batirin. Ka canja shi, ka sa yankin lokaci a "West Central Africa". Idan agogon daidai yake kuma gargaɗin bai daina ba, kada ka danna amincewa, musamman a Wi-Fi na otal ko na taron jama'a. In kuma Windows 7 ce a kanta, ka sani Thunderbird 115 ne na ƙarshe da ke hawa kanta.

Na haɗa takardun neman kwangila masu nauyin megabait 22, sun ƙi fita, kuma sun tare duk saƙon da ke bayansu. Daga Malali.

Alhaji, iyakar Gmail da Yahoo megabait 25 ce, amma fayil na ƙara nauyi da kusan kashi ɗaya cikin uku idan manhaja ta shirya shi don tafiya, 22 ɗinka ya doshi 30. Ka danna "Work Offline" a shafin "Send/Receive", ka buɗe "Outbox", ka ja saƙon zuwa "Drafts". In ya ƙi motsi, ka rufe Outlook ka sake buɗewa yana a wannan halin. Takardun kuma a sake sikanin su a 150 ko 200 dpi, baƙi da fari inda launi ba dole ba ne, ko a ɗora su a Google Drive a aika mahaɗin.

Zan kai kwamfutar ofis a sake mata Windows. Mai gyara ya ce tunda imel ne komai na intanet, ba abin da zai ɓace. Gaskiya ne? Daga wani ofishin lauya a kan titin Ahmadu Bello.

Rabin gaskiya ce, Barista. Idan asusun IMAP ne, saƙonnin suna saba, za su dawo. Idan POP3 ne, suna cikin fayil mai ƙarewa da .pst, galibi a folda "Outlook Files" cikin "Documents", kuma in aka share faifan sun tafi ke nan. Ka duba irin asusun a "Account Settings", an rubuta shi a gaban adireshin.

Ko a IMAP ɗin ma akwai tarko. Daga Outlook 2013 zuwa sama, lambobin mutane da kalanda na asusun IMAP suna zama a fayil mai ƙarewa da .ost, a folda masu rubutun "This computer only". Waɗannan ba sa hawa saba, kuma kwafin .ost ba ya buɗuwa kai-tsaye a sabuwar Windows. Ranakun zaman kotu da ka jera a kalandar nan suna cikinsu. Ka bi "File", "Open & Export", "Import/Export", "Export to a file", ka zaɓi "Outlook Data File", ka ɗauki asusun tun daga samansa har da ƙananan folda, ka ajiye a filas ko faifan waje. Ka buɗe kwafin ka tabbatar yana karantuwa kafin kwamfutar ta bar ofis. In ya ƙi buɗuwa, wanda kan faru idan wuta ta taɓa yankewa Outlook na tsakiyar rubutu, akwai manhajar gyara mai suna scanpst.exe a cikin foldar Office.

Mai Thunderbird kuwa ya rufe manhajar tukuna, ya rubuta %APPDATA% a sandar adireshin "File Explorer", ya kwafe foldar Thunderbird ɗungurungum. Bayan an sake Windows an saka manhajar, a mayar da foldar wurinta kafin buɗewar farko, asusu da lambobi da saƙonni duk za su dawo yadda suke. Wannan foldar na ɗauke da kalmomin sirri da aka adana, don haka filas ɗin ya zauna a aljihunka, ba a teburin mai gyara ba. Bayan ka karɓo kwamfutar, ka shiga sashen tsaro na asusun imel ɗin ka soke tsohuwar kalmar sirrin manhaja, ka ƙirƙiri sabuwa.